Irin da ke jure gishiri: abin da zai iya yi wa gona da abin da ya fi ƙarfinsa

Wani shugaban ƙungiyar manoman rani ne ya aiko da wannan tambaya: "Shekara da shekaru muna ban-ruwa a fili ɗaya. 'Yan shekarun nan wani farin abu kamar gari yake fitowa a saman kunya, masara da albasa sun daina yi mana, wasu wuraren ma ko ciyawa ba ta fita. An ce mana gishiri ne, kuma an ce akwai irin shuka da ke jure shi. Wanne za mu nema, kuma ta yaya za mu shigo da shi gonakinmu?"

Malam, sannunku da fama, Allah ya kawo mafita. Irin da aka ba ku labari akwai shi, kuma na ga inda ya sa gonar da aka fid da rai da ita ta koma ciyar da gida. Amma tun da fari ina so ku riƙe abu ɗaya, domin duk sauran bayanina a kansa zai hau. Irin da ke jure gishiri ba ya kwashe gishiri daga ƙasa. Sararin numfasawa yake ba ku, ku ci gaba da samun amfani a lokacin da kuke gyara hanyar da gishirin zai bi ya fita. In ba a yi wannan gyaran ba, gishirin zai ci gaba da hauhawa har ya cim ma sabon irin kamar yadda ya cim ma masarar.

Mu fara da abin da idonku ke gani. Ku shiga gonar da tsakar rana, washegarin ban-ruwa. Ku tura yatsa cikin ƙasa, za ku ji ta jiƙe sharkaf, amma ga masara ta naɗe ganye kamar wadda ta kwana goma ba ta ga ruwa ba. Ƙishirwa take ji a tsakiyar ruwa. Dalili kuwa, ruwa yana karkata ne zuwa inda narkakken gishiri ya fi yawa. A ƙasa mai lafiya ruwan da ke cikin saiwa ya fi na ƙasa kauri, shi ya sa ruwa ke shiga saiwar ba wahala. Da gishiri ya yawaita a ƙasa sai a shiga ja-in-ja tsakaninsa da saiwar, shukar ta riƙa ƙarar da ƙarfinta wajen jan ruwa maimakon girma. Wannan ce cuta ta farko, kuma nan take take kamawa. Ta biyu a hankali take zuwa. Sinadaran sodiyam da kulorin suna shiga jikin shukar tare da ruwa, su taru a tsofaffin ganyaye, sai ka ga gefen ganye ya ƙone, yana bushewa daga baki zuwa ciki. Sodiyam ɗin kuma yana tare wa fotashiyam hanya, alhali shuka ba ta iya aikinta sai da shi. Shukar da ake cewa tana jure gishiri, ko dai saiwarta ta iya tace sodiyam ta hana shi hawa ganye, ko kuwa ta iya kulle shi a wani ɗan aljihu cikin ƙwayoyin halittarta inda ba zai yi ɓarna ba. Kowace dabara a cikin biyun tana cin ƙarfi, kuma kowacce da iyakarta.

Don haka tambayar "wane iri" ba ta da amsa sai an san yawan gishirin. Ana auna shi da wata 'yar na'ura da ake tsomawa a ruwa, wadda ke duba yadda lantarki ke ratsa shi: gwargwadon gishirin, gwargwadon yadda lantarkin ke wucewa. Na'urar EC ake ce mata, lambar da take bayarwa kuma da dS/m ake rubuta ta. Don sauƙi zan riƙa ce wa wannan lamba maki. Ruwan teku yana wajen maki 50. Tun 1954, lokacin da cibiyar binciken gishirin ƙasa da ke Riverside a jihar Kalifoniya ta Amurka ta fitar da jagorarta, aka ɗauki maki 4 a matsayin inda ake fara kiran ƙasa mai gishiri. Sai dai albasa da karas sun fara wahala tun kafin a kai maki 2.

Kada ku haɗa ƙasar gonar duka ku gauraya ku kai awo. Gishiri ba ya shimfiɗuwa daidai, taku goma ma sun isa su raba wurin da ke da maki 3 da wanda ke da 15. Ku ɗebi ƙasar sanƙon wuraren dabam, ta inda shuka ke fitowa a wahale dabam, ta inda har yanzu take yin kyau dabam, kuma kowane wuri a zurfi biyu: daga sama zuwa santimita 30, sannan daga 30 zuwa 60. Ku kankare farin ɓawon da ke sama kafin ku ɗiba. Akwai kuma wani tarko da ya sha kama mutane. Duk lambobin juriya da zan ambata an gina su ne a kan ruwan da aka tsotso daga ƙasar da aka kwaɓa ta yi laushi iya jiƙuwarta. Amma dakunan gwaji da yawa, don sauri, suna zuba ruwa kashi 5 a kan ƙasa kashi 1 su auna. Wannan lambar ƙarama take fitowa, sai an ninka ta: kamar sau 6 zuwa 8 a ƙasar laka, wajen sau 10 a matsakaiciyar ƙasa, fiye da sau 20 a tsantsar rairayi. Takarda ta ce 1, mutum ya koma gida da murna, alhali gonarsa tana kan maki 9. Ku tambayi mai awon ta wace hanya ya bi.

Sai kuma a rarrabe gishiri da kanwa, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Ƙasa mai gishiri kawai takan kasance da laushi, ruwa yana ratsa ta. Ƙasa mai kanwa kuwa, wato wadda sodiyam ya manne wa ƙwayoyin lakarta har ya kai kashi 15 cikin 100 na abin da suke riƙewa, in ta jiƙe santsi take yi kamar sabulu, ruwa ya kwanta a kanta kwana da kwanaki, in ta bushe ta zama kamar dutse. Kuna iya gwadawa da kanku. Ku ɗauki busasshen dunƙulen ƙasa kamar girman ƙwayar wake, ku ajiye shi a hankali cikin faranti mai ruwan sama, kada ku motsa. In ya ruguje kawai ya zauna, ruwan na nan garau, da sauƙi. In kuwa bayan 'yan sa'o'i kun ga wani hazo kamar an ɗiga madara ya kewaye shi, lakar ce ke watsewa, sodiyam ne. Irin wannan ƙasa sai da jifsam, wani farin ma'adini da ake zuba garinsa a gona, domin kalshiyam ɗin da ke cikinsa ya ture sodiyam daga jikin laka, ruwa ya samu hanyar wanke shi. In ƙasar ta haɗa gishiri da kanwa kuka sakar mata ruwa mai daɗi ba jifsam, toshewa za ta ƙara yi. In kuma gishiri ne zalla, ruwa na wucewa lafiya, sayen jifsam asarar kuɗi ce.

Daga ina gishirin yake zuwa? Mu yi lissafi. Ruwan da ke da maki 1 yana ɗauke da kamar miligiram 640 na gishiri a kowace lita, kuma baki ba zai ji shi ba. In kun ba hekta ɗaya ruwan da zurfinsa ya kai mita ɗaya a shekara, wato lita miliyan 10, kun zuba mata tan 6.4 na gishiri. Shuka ta sha ruwan, rana ta ƙafar da saura, gishirin ya zauna. Shekara goma, tan 64, in babu abin da ke wanke shi ya yi ƙasa. Wannan kuwa ruwa ne da ake ganin mai kyau, tunda jagorar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce ruwan da ke ƙasa da maki 0.7 ba shi da matsala, daga nan zuwa 3 sai da kulawa, sama da 3 kuwa matsalar mai tsanani ce. Saboda haka ku auna ruwanku, kuma ku auna shi a ƙarshen rani lokacin da ya fi kauri.

Hanya ta biyu daga ƙasa take zuwa, kuma a filayen ban-ruwa da suka daɗe ita na fi zargi. Ruwan da ke yoyo daga hanyoyin ruwa da wanda ake wuce gona da iri wajen bayarwa yana taruwa a ƙarƙashi, shekara bayan shekara yana hawowa. Da zarar ya zo tsakanin mita ɗaya zuwa biyu da saman ƙasa, sai ƙasar ta fara jansa sama kamar yadda lagwani ke jan mai. Ruwan ya ƙafe a sama, ya bar gishirinsa. Farin garin da kuke gani a saman kunya sau da yawa wannan ne. Ku haƙa ramuka masu zurfin mita biyu a wurare uku ko huɗu, ku dawo washegari ku ga inda ruwa ya tsaya. A bakin teku kuwa ruwan gishiri ne ke kutsowa ta koguna da rijiyoyi. A Bangaladash ƙasar da gishiri ya taɓa a gaɓar teku ta tashi daga hekta kusan 830,000 a 1973 zuwa fiye da miliyan ɗaya a 2009. A yammacin Ostareliya ma ba ban-ruwa ba ne sanadi, sare itatuwa masu dogon saiwa aka yi aka shuka alkama, ruwan ƙarƙashi ya taso da tsohon gishirin da ke kwance. Rahoton FAO na 2024 ya ce kusan hekta biliyan 1.4 ne gishiri ya shafa a duniya, fiye da kashi 10 cikin 100 na doron ƙasa. Ba ku kaɗai ba ne.

Canza iri saboda gishiri ma tsohuwar dabara ce. A 1958 wasu masana tarihi biyu, Thorkild Jacobsen da Robert Adams, suka kawo hujja daga tsofaffin tukwane da rubuce-rubucen kudancin Iraƙi cewa wajen shekara ta 3500 kafin Miladiyya alkama da sha'ir kusan kai ɗaya suke a gonakin yankin, zuwa wajen 2400 alkama ta koma kamar kashi ɗaya cikin shida, zuwa 1700 an bar nomanta. A fahimtarsu manoman sun koma ga sha'ir ne saboda ya fi jure gishiri, amma amfanin gona ya ci gaba da raguwa domin ruwan ƙarƙashi bai samu mafita ba. Duk lokacin da na ga ana raba sabon iri ba a ko ambaci magudana ba, wannan tarihi nake tunawa.

Yanzu ga amfanin gonar kansu. A 1977 masu bincike biyu, Maas da Hoffman, suka tattara gwaje-gwaje suka nuna cewa kowace shuka tana da makin da take kaiwa ba ta yi asara ba, daga nan kuma kowane ƙarin maki ɗaya yana cin wani kaso na amfaninta. Masara tana tsayawa a 1.7, bayan nan kowane maki yana cin kashi 12 cikin 100. Albasa 1.2, kowane maki kashi 16. To in gonarku tana kan maki 6, rabin masarar ya tafi, albasa kuwa kashi uku cikin huɗu, tun ba a yi maganar kwari ko taki ba. Tumatir yana kai 2.5, shinkafa 3, gyaɗa 3.2 amma daga nan faɗuwarta da sauri take. Wake yana kai 4.9, waken suya 5, alkama 6, dawa 6.8, auduga 7.7, sha'ir 8. A kan maki 6 ɗin nan da ya kashe albasa, alkama da dawa da auduga da sha'ir ba su ma fara jin jiki ba.

Amma kada ku tsaya a lambar farko, ta biyu ma tana da magana. Dawa ta fi alkama nisan juriya, sai dai da ta wuce iyakarta kowane maki yana cin kashi 16, alkama kuwa kashi 7 kawai. A maki 10 dawa ta rasa rabi, alkama ƙasa da kashi 30, auduga kamar kashi 12, sha'ir kashi 10. Dabino yana fara ji tun daga maki 4, amma a hankali yake sauka, shi ya sa yake rayuwa inda wasu suka mutu. Kuma waɗannan lambobi jagora ne kawai. Zafi da busasshiyar iska suna rage juriya, sha'ir da alkama kuma sanyi suke so, in yanayinku bai karɓe su ba juriyar gishirinsu ba za ta amfane ku da komai ba. Shinkafa tana da wani matsayi na dabam: ita kanta ba ta da juriya sosai, amma tunda a cikin ruwa take tsaye, ruwan yana danna gishiri ƙasa, don haka ake yawan fara farfaɗo da ƙasa da ita inda ruwa ya wadata kuma yake da mafita.

Bayan canza nau'in amfani, akwai neman iri mai juriya a cikin abin da kuka saba nomawa. Nan ne aka fi yin aiki a kan shinkafa da alkama. Manoman gaɓar tekun Kerala a Indiya sun daɗe da shinkafarsu Pokkali, doguwa, mai ƙarancin amfani, amma mai jure ruwan gishiri. Daga jikinta masana a cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Filifin suka gano sashen gado da suka sa wa suna Saltol, aka riƙa shigar da shi cikin irin zamani. Bangaladash ta fitar da irin shinkafa mai jure gishiri mai suna BRRI dhan47 a 2007. Cibiyar binciken ƙasa mai gishiri ta Indiya da ke Karnal, wadda aka kafa a 1969, ta fitar da shinkafa irin su CSR36 da alkama irin su KRL 210, kuma tushen juriyar alkamarta yana komawa ga Kharchia, tsohuwar alkamar manoman Rajastan. A 2012 Rana Munns da abokan aikinta a Ostareliya suka nuna cewa wani gado da suka ɗauko daga tsohuwar dangin alkama ya ƙara amfanin alkamar taliya da kashi 25 cikin 100 a gona mai gishiri. Wannan babbar nasara ce a wurin masana, kuma ita ce ke nuna muku girman abin da za ku sa rai: ƙari ne na kashi ɗaya cikin huɗu a ƙasar da har yanzu take iya fitar da shuka.

Ku lura da inda Pokkali da Kharchia suka fito. Manoma ne suka zaɓe su, shekara bayan shekara, daga abin da ya tsira. Don haka ku ma ku duba bakin sanƙon gonakinku. Zangarniyar da ta cika a inda 'yan uwanta suka ƙone, ku ɗaura mata alama ku ajiye irinta dabam.

In mai iri ya zo muku, tambayoyi uku nake so ku yi masa: har maki nawa irin ke jurewa, a wane matakin girma, kuma a gona aka gwada ko a tukunya? Ta tsakiyar ita ce mutane ke mantawa. Saltol yana kare shinkafa ne tana ƙarama, amma shinkafa tana da rauni na biyu lokacin da take ɗaukar ciki da fure, kuma gishiri a wannan lokaci ƙaiƙayi yake bar maka. Sha'ir da alkama da auduga ma, duk da juriyarsu in sun girma, lokacin tsiro da makonnin farko raunana ne.

Wannan raunin na tsiro na koye shi da tsada. Ina sabon shiga aiki na raba wa wasu manoma irin auduga mai juriya, muka shuka a tsakiyar saman kunya kamar yadda aka saba, muka saki ruwa a kwari biyu na gefe. Bayan mako biyu, rami ɗaya cikin uku ne ya fito. Manoman suka ce irin ya mutu, kuma ban ga laifinsu ba. Na durƙusa na kankari saman kunyar da ɗan yatsa, ga farin layi nan miƙe daidai inda muka binne irin. Ruwan da ke tasowa daga kwari biyun ya turo gishiri daga dama da hagu ya tara shi a ƙololuwa, mu kuma a nan muka sa iri. Da muka sake shuka a kafaɗar kunya, ɗan sama kaɗan da inda ruwa ke tsayawa, irin nan dai shi ne ya fito. Amma wasu daga cikin manoman ba su sake karɓar iri daga hannuna ba sai bayan shekaru, kuma har yau abin yana damuna.

Saboda haka yadda aka shuka yana daidai da abin da aka shuka. Ku ba da ruwa mai yawa sau ɗaya kafin shuka don ya danna gishirin sama ya yi ƙasa. Ku shuka a kafaɗar kunya, ko layi biyu a gefen faffaɗar kunya a bar tsakiya ga gishiri, ko a shimfiɗaɗɗen fangali da aka daidaita sosai, domin duk ɗan tudu a cikin fangali matattarar gishiri ce. Ku ƙara yawan iri. Abin da ake dasawa, ku rene shi a ƙasa mai kyau ku dasa shi ya ɗan ƙara kwana. Ku rufe ƙasa da kara ko tattaka, tunda ƙafewar ruwa ce ke jawo gishiri sama. Ku riƙa ba da ruwa a kai a kai kada ƙasa ta bushe, domin duk lokacin da rabin danshi ya tafi kaurin gishirin da ke cikin saura ya ninka. In kuna da ruwa iri biyu, mai kyau ku ajiye shi ga lokacin tsiro da lokacin fure. Takin zamani shi ma gishiri ne, a raba shi kashi-kashi, kada a zuba a jikin iri. Masu ban-ruwan ɗigo su sani cewa yana tura gishiri ne zuwa gefen inda ya jiƙa, yayyafi kaɗan zai iya mayar da shi kan saiwa, shi ya sa ake barin ɗigon a buɗe in ruwan sama mara ƙarfi ya sauka.

Wuraren da suka wuce maki 15 fa, inda ko ciyawa ba ta fita? Akwai tsirrai 'yan asalin gishiri, kamar kashi 1 cikin 100 na tsirran duniya. Za ku ji ana yawan ambaton kinowa, hatsin tsaunukan Andes na Boliviya da Peru, da salikoniya, wata 'yar shukar bakin teku da ake iya ba ta ruwan teku. Cibiyar noman ruwan gishiri ta duniya, ICBA, da aka kafa a Dubai a 1999, ta yi aiki mai yawa a kansu. Kinowa tana da juriya ƙwarai, amma zafi mai tsanani lokacin fure yana hana ta ƙwaya, sai an wanke ɗacin ɓawonta kafin a ci, kuma sai da mai saye. Ra'ayina, kada ƙungiya ta jefa dukiyarta a abin da ba ta san wanda zai ci ko ya saya ba. Ƙofar da na fi amincewa da ita a irin wannan ƙasa ita ce abincin dabbobi. Kiri-kiri yana kai kusan maki 7 bai ji komai ba. A Pakistan ciyawar kallar ta farfaɗo da filaye masu gishiri da kanwa, saiwarta tana buɗe ƙasa ruwa ya samu hanya, kuma sukan bi ta da wata shuka dangin zamarke da suke kira dhaincha su nome ta cikin ƙasa. A Ostareliya suna kiwon tumaki a kan ɗan itacen Atriplex. Sai dai ganyensa da gishiri, dole a haɗa wa dabba da wani abinci da ruwan sha mai daɗi wadatacce. Ko ba komai, ƙasar da ke rufe da ciyawa ta fi wadda aka bari tsirara, domin tsirarar kullum ƙara jan gishiri take yi.

Game da shigo da irin cikin ƙungiya, kada ku canza filin duka a shekara ɗaya. Ku zaɓi gonaki uku ko huɗu, ku ja dogayen layuka da suka ratsa daga wuri mai kyau zuwa sanƙo, sabon iri biyu ko uku a gefen wanda kuka saba, aiki ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya. Ku auna abin da kowanne ya bayar da ma'auni, ɓangaren mai kyau dabam, na gishiri dabam, domin wani irin yakan yi fice a gishiri amma ya gaza naku a ƙasa mai lafiya, kuma sau da yawa mafi yawan amfanin gona daga ɓangaren mai kyau yake fitowa. Ku maimaita shekara biyu ko uku. Ku bari masu girki su dafa, masu saye su taɓa. Ku kuma tabbatar ko irin ana iya ajiye shi a sake shukawa, ko kuwa kowace shekara sai an saya.

Na koma kan mafitar gishiri, domin ita ce aikin da ba mai iya yi shi kaɗai. Gishiri ba ya fita sai ruwa ya ratsa ƙasan saiwa ya tafi da shi. A ƙa'idar da aka saba aiki da ita, ruwan da zurfinsa ya kai zurfin ƙasar da ake son wankewa yana fitar da wajen kashi 80 cikin 100 na gishirinta, kuma ba da shi kashi-kashi ya fi a zuba shi gaba ɗaya. Bayan wankin farko, kowace shekara akwai ɗan rarar ruwa da za a riƙa bari ya wuce. Lissafinsa: ku ninka makin da shukar ke jurewa sau 5, ku cire makin ruwanku, ku raba makin ruwan da abin da ya rage. In ruwanku yana da 1.5, masara tana buƙatar kamar kashi 21 cikin 100 na ruwan ya wuce ƙasa, alkama kashi 5 kawai. Ga wani amfanin iri mai juriya nan, yana rage ruwan wanki. Amma in kun tsaya a kashi 5 ɗin, ƙasar za ta zauna ne a makin alkama, albasa ba za ta dawo ba. Sai ku yanke shawara tun yanzu wane ɓangaren fili kuke son mayarwa ga kayan lambu, ku fi wanke shi.

Duk wannan kuwa in ruwan ƙarƙashi yana kusa, wanki ƙara cuta yake yi, tunda ruwan da kuka zuba zai ɗaga shi ne ya dawo da gishirin. Dole sai da lambatu mai zurfi da zai sauke shi, da toshe yoyon hanyoyin ruwa, da daina ba da ruwa fiye da kima. Pakistan tun wajen 1960 ta shiga haƙa dubban rijiyoyin burtsatse don sauke ruwan ƙarƙashi, Masar kuma bayan madatsar Aswan ta shimfiɗa bututun magudana a ƙarƙashin miliyoyin eka. Ku ba ku buƙatar aiki mai wannan girma, amma ƙa'idar ɗaya ce, kuma sai kun zauna da maƙwabtanku na gangare kun amince da inda ruwan lambatun zai zuba, don kada ku wanke gonarku a cikin ta wani.

Ku kafa turaku a wurare biyar ko shida, ku riƙa auna ƙasar wurin kowace shekara a wata ɗaya, ku rubuta a littafin ƙungiya. In sabon iri yana ba da amfani amma makin yana hawa, to magudanar ce ba ta aiki, ita za ku koma wa. In sakamakon awon farko ya fito, ku aiko mini da makin ƙasa na wurare ukun nan, da makin ruwa, da zurfin da kuka samu ruwa a ramuka, da abin da dunƙulen ƙasa ya yi a faranti, sai mu zaɓi irin da za ku fara gwadawa a bana.